Awa Ɗaya da Rabi Daga Legas

Inna ta cika ranar Juma'a, jim kaɗan bayan sallar asuba, a ɗakinta na gidansu da ke Sabon Garin Wudil. Autarta Mas'uda ce ke riƙe da ita, domin tun da ciwon ya kwantar da tsohuwar ta baro gidan mijinta a Achika ta dawo jinya. Ƙasimu, ɗan Inna na tsakiya, dawowarsa daga masallaci ke nan, carbi a hannu, ya ji salatin ƙanwarsa ya sauya murya. Ya shiga ya durƙusa, ya shafe idanun mahaifiyarsa, ya ja mata zane har ka. Ya yi kuka, kuma kuka na gaskiya. Shi ne ya zauna da ita duk shekarun nan, shi ke goya ta a babur zuwa asibiti, shi ya san irin kunun da cikinta ke karɓa.

Da kukan ya ɗan lafa, Mas'uda ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Yaya Ƙasimu, kira Yaya Babba. Ni bakina ba zai iya faɗa ba."

Yaya Babba shi ne Muhyiddeen, ɗan fari, wanda ke aikin gwamnati a Legas. Inna ba ta taɓa ambaton sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. "Wancan na Legas" take cewa, ko kuma "yayanku". Amma duk gidan an san inda zuciyarta ta karkata. Ko a farkon makon nan, da jikin ya matsa, sai da ta riƙe hannun Mas'uda a gaban Ƙasimu ta ce, "In ta Allah ta kasance, ku jira yayanku. Shi zai sa ni a makwancina."

"Zan kira shi," in ji Ƙasimu.

Ya fita zaure, ya zaro waya daga aljihu. Ƙarfe shida bai cika ba. Ya nemo lambar yayansa, ya ɗora yatsa a kai, sai ya tsaya.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane abin da ya tsayar da yatsan nan.

Ƙasimu falken shanu ne. A karar Wudil yake saye ranar kasuwa, a loda a tirela, ya bi su har Agege a Legas, tafiyar kwana biyu a kan katako, ƙahoni na ƙarƙashinsa. Wasu shekaru da suka wuce ya yi irin wannan tafiya ya bar matarsa Rahinatu da tsohon ciki. A lokacin Muhyiddeen yana gida, bai sami aikin Legas ba tukuna. Ƙasimu na tsakiyar ciniki da hantsi yayansa ya kira shi ya ce Rahinatu ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta.

Abokan fataucinsa ne suka ɗaga shi daga ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai filin jirgi ga shi nan kusa, kuma daga Legas zuwa Kano awa ɗaya da rabi ne ta sama. Ƙasimu bai taɓa taka jirgi ba. Ya sake kiran gida yana haki.

"Yaya, ku jira ni. Jirgi zan hau. Kafin la'asar ina gida. Don girman Allah ku bari in ga fuskarta."

"Ƙasimu, sunna ita ce a gaggauta," in ji Muhyiddeen. "Jirgi kuma ba abin dogaro ba ne. Ka yi mata addu'a daga inda kake."

Duk da haka ya hau, da kashin shanu a ƙafar wandonsa, mutumin da ke kusa da shi yana ta kau da hanci. Kuma ya iso kafin la'asar, kamar yadda ya faɗa. Ya tarar da maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. Tun bayan azahar aka rufe Rahinatu. Muhyiddeen ya yi masa ta'aziyya a tsaye, makullin mota a hannu, domin da yammar nan yana da ganawa da wani babban mutum a Kano kan aikin da daga baya ya kai shi Legas. Ƙasimu ya dubi makullin, ya dubi ƙafafun mutane, ya haɗa biyun a ransa. Ko ganawar ce ta sa aka yi sauri, ko ba ita ba ce, Allah ne masani. Shi bai tambaya ba, yayansa kuma bai taɓa cewa ya yi haƙuri ba.

Daga ranar jirage suka shiga ransa. Duk zuwan da zai yi Agege, in sun wuce ta saman kara suna ruri, sai ya ɗaga kai. Ya tambayi masu sayar da tikiti har suka saba da shi, suna tsokanarsa wai Alhajin shanu zai sayi jirgi. Ya san nisan ya haura kilomita ɗari takwas ta sama. Ya san wanda ke tashi zuwa Kano da sassafe, ya san na hantsi, ya san na yamma. Shi kansa da za a tambaye shi amfanin wannan sani, da ba zai iya faɗa ba. Yau a zaure, da waya a hannu, ya ga amfaninsa.

Jirgin safe yana tashi bakwai da kwata. Gidan Muhyiddeen a Ikeja yake, tsakaninsa da filin jirgi ba nisa. In ya kira yanzu, yayansa zai sami jirgin, ya sauka Kano kafin tara, titi a buɗe, ƙarfe goma yana tsugune gaban Inna. In kuwa wannan ya tashi ba shi, sai na sha ɗaya da rabi.

Ƙasimu ya mayar da wayar aljihu.

Bai ji tsoron wani zai riga shi ba. A garin nan ba a yi wa ɗa karambanin sanar da shi mutuwar uwarsa alhali ga ɗan'uwansa namiji a tsaye. Kowa zai ɗauka an riga an faɗa masa, kowa zai jira sai an kwana biyu ya kira ta'aziyya. Ga kuma hidima jibge a gabansa wadda ba wanda zai zarge shi a kanta. Ya tafi gidan Malam Tasi'u, limamin unguwa, ya sanar da shi. Ya je ya tashi masu haƙa kabari. Ya buga wa mai shagon yadi ƙofa ya yanko likkafani, ya sayi turare da sabulu. Ya aika a kira tsofaffin matan da ke wankan gawa. Duk inda ya bi ana ce masa, "Sannu Ƙasimu, Allah ya ba ka ladan ɗawainiya."

Da ya shigo da likkafanin, Mas'uda ta tare shi a bakin ɗaki.

"Ka same shi?"

"Ba ta shiga. Kin san layin Legas."

"Kawo in gwada da tawa."

"Mas'uda, ki je ki ji da mata. Wannan magana ce ta maza."

Ta dube shi kamar za ta ƙara wani abu, sai wata maƙwabciya ta shigo da salati ta rungume ta.

Sai da takwas ta gota ya koma bayan gida, gindin darbejiya, ya kira. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Ƙasimu? Lafiya da safen nan? Ya jikin Inna?"

"Yaya, sai haƙuri. Inna lokaci ya yi."

Sai ga wani sauti da Ƙasimu bai taɓa ji daga bakin yayansa ba, kamar na ɗan maraƙin da aka raba da uwa. Ya tsaya yana saurare.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙasimu, ina zuwa. Kada a yi komai. Bari in duba jirgi." Aka ji ƙarar taɓa waya da numfashi. "Na safe ya tashi. Kash! Akwai na sha ɗaya da rabi. Awa ɗaya da rabi ne, ƙarfe ɗaya ina Kano. Daga Kano zuwa gida me ya rage? Kilomita arba'in ne da 'yan kai. Kafin biyu ina nan. Ƙarfe nawa kuka sa?"

"Ba mu sa ba tukuna. Kai ne babba. Amma Malam yana ganin tun da Juma'a ce, a kai ta masallaci a yi mata salla da an sallame. Ta sami jama'a."

"Ana tayarwa ƙarfe biyu har yanzu?"

"Biyu."

"Shi ke nan, ya yi. Wallahi ya yi. Allah ya yi maka albarka, Ƙasimu. A bar shi bayan Juma'a. Zan iso."

"Allah ya kawo ka lafiya, Yaya."

Ya kashe wayar ya jingina da bishiyar. Bai yi ƙarya ba, Malam Tasi'u ya faɗi haka. Kuma da bakinsa Muhyiddeen ya amince da lokacin. Sai dai Muhyiddeen ya daɗe a Legas, lissafin sama kawai ya yi. Ya manta ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a a Kano ba ƙarfe ɗaya na sauran ranaku ba ne. Lokacin ne masallatai ke cika su tumbatsa, a gitta benci a tare titi, sahu ya shimfiɗu a kan kwalta, mota ta tsaya sai an sallame. Ya manta kuma Juma'a ce kasuwar Wudil, ranar da tireloli da motocin hatsi da garken shanu ke haɗuwa a hanya ɗaya, tun daga Garindau har bakin gada. Wannan kuwa Ƙasimu ya san shi kamar yunwar cikinsa, don a ciki yake neman abinci. Kalma biyu ta ishe shi ya gyara lissafin. Ya ce a kai la'asar, ko ya ce zai tura babur ya jira shi a hanya. Ya haɗiye su duka.

Rana ta ɗaga. Bazara ce, zafi tun hantsi ya fara dukan kwano. Mata suka yi wa Inna wanka, suka suturta ta, aka kwantar da ita a ɗakinta, ƙanshin turare ya cika tsakar gida. Aka kira 'ya'ya da jikoki su shiga su yi mata addu'a. Ƙasimu ya shiga, aka buɗe masa fuskarta. Ta yi fes, kamar mai barcin rana. Ya daɗe yana kallo, yana cewa a ransa, wannan ita ce fuskar da wani ba zai gani ba. Tunanin ya sa masa wani sanyi a ƙirji, irin na ruwan randa. Ya yi istigfari da baki, sanyin bai tafi ba.

Wajen sha biyu Mas'uda ta aika a kira shi. Ta ja shi lungun rumbu inda ba kowa.

"Yaya Babba ya kira ni daga filin jirgi kafin su tashi. Ya ce ƙarfe takwas ka faɗa masa."

"Lokacin ta shiga."

"Tawa bugu ɗaya take shiga kullum."

"To ki riƙa kira kullum."

"Yaya Ƙasimu, ka dube ni. Ni ba yarinya ba ce. Mijina kowace Juma'a yana kawo gero kasuwar nan, na san yadda hanyar take. Ba zai iso biyu ba, kai ma ka sani."

"Shi ya zaɓi lokacin."

"Ka mayar da shi la'asar."

"Kin ji zafin da ake yi? Gawa za a ajiye a wannan rana har la'asar?"

"Ga fanka, ga ƙanƙara a shagon bakin titi. An yi wa wasu, ba a kanmu aka fara ba." Muryarta ta karye. "Kana tsaye ta ce a jira shi. Ba don shi ba, don ita."

Wannan ta taɓa shi, har ya kau da kai. Ya dubi ƙofar ɗakin Inna, ya dubi ɗakin da ke kallonsa, wanda a da na Rahinatu ne, yanzu an mayar da shi wurin ajiyar buhuna.

"Ranar da aka fitar da matata daga ɗakin can kina gidan nan," ya ce a hankali. "Wa kika ja lungu kika ce a jira ni?"

Bai jira amsarta ba.

"Ba kowa. To ki koma wajen baƙinki."

"Ashe abin da ke cikinka ke nan duk shekarun nan? Kana ci da shi a kwano ɗaya in ya zo salla?"

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ya juya ya bar ta tana kuka, kukan da matan tsakar gida suka ɗauka na mutuwa ne.

Ɗaya da 'yan mintoci wayarsa ta yi ƙara. Jirgi ya sauka a kan lokaci, bai yi lattin ko minti ɗaya ba. Muryar Muhyiddeen har da ɗan ƙarfi a ciki. "Ga ni a Kano, na sami tasi. Ka ce wa Malam ina hanya." Ƙasimu ya ce to. Aka ɗauko makara, aka sa Inna, aka lulluɓe ta da darduma. Maza suka ɗauka a kafaɗa zuwa masallacin Juma'a, aka ajiye ta a inuwa ta gefen gabas.

Ana cikin huɗuba wayar ta yi ta motsi a aljihunsa. Ba a magana liman na kan mumbari, wannan kowa ya sani. Ya bar ta tana motsi a jikin cinyarsa, sau ɗaya, sau biyu, har ya daina ƙirgawa.

Da aka sallame, ladan ya yi sanarwa akwai jana'iza, kada a watse. Jama'a suka yi dafifi, 'yan gari da 'yan kasuwa, har da fataken da ba su san Inna ba. Aka kawo makarar gaba. Malam Tasi'u ya matso kusa da Ƙasimu, ya rage murya.

"Ina Muhyiddeen? Ban gan shi a sahu ba."

Kafin ya amsa wayar ta sake ƙara. Ya ɗauka, ya ɗan juya baya.

"Ƙasimu! Ina ta kira. An tare mana hanya a Hotoro, sai da aka idar da salla aka buɗe. Yanzu muka wuce Mariri. Direba ya ce gaba ma a cushe take, wai yau kasuwa. Na manta, wallahi na manta yau kasuwa. Ka roƙi Malam. Rabin awa kawai. In ta kama in sauka in hau acaɓa zan hau. Ƙasimu, kana ji na? Don Allah. Don darajar iyaye."

Ƙasimu ya ji kowace kalma. Ya daɗe yana jiran ya ji muryar nan tana roƙo, kuma da ta zo, ta yi masa daɗin da ya zata. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Allah gafarta Malam, yana Mariri."

Malam Tasi'u ya shafa gemu. "Mariri. To ai ba laifi a ɗan saurara. Ko mu mayar da ita gida, a yi bayan la'asar. Ɗa ne, kuma babba. Addini bai hana ba in dai jiran kaɗan ne. Kai ne a tsaye a kanta, me ka gani?"

Mutanen da ke kusa suna jiran bakinsa. Rana na dukan kawuna, wasu sun ɗora sallaya a ka.

"Malam, yau kasuwa," in ji Ƙasimu. "Daga Mariri zuwa nan yau ba mai iya cewa ga lokaci. Ga zafi, tun asuba take kwance. Ga jama'ar da ta samu, in suka watse ba za su dawo ba. Shi da kansa ya ce bayan Juma'a. A sallace ta."

"Gaskiya ne," wani dattijo ya ce daga baya. "Hutun mamaci kabarinsa."

Malam Tasi'u ya dubi Ƙasimu ɗan lokaci, sannan ya gyaɗa kai ya wuce gaba. Ƙasimu ya mayar da wayar kunne. Muhyiddeen na ta magana har yanzu, da alama da direba yake, yana cewa ya bi ta gefe.

"Yaya, an tayar," ya ce. Ya danna ya kashe ta gaba ɗaya, ya shiga sahun farko.

Kabbara huɗu ba ta ɗaukar lokaci. Aka ɗauki makara, ana karɓa-karɓa, kafaɗa zuwa kafaɗa, har maƙabarta. A bakin kabari Malam ya ce 'ya'yanta su sauka. Ƙasimu ya tuɓe takalmi ya sauka, mijin Mas'uda ya kama masa ta wajen ƙafa. Ya karɓi kan Inna da hannu biyu, ya kwantar da ita a kan damanta tana fuskantar alƙibla. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Aka miƙo itace aka jera, aka liƙe da danyar ƙasa, aka tura busasshiya. Aka yi addu'a, aka shafa.

Suna fitowa daga ƙofar maƙabarta wani ɗan acaɓa ya taho a guje ya ci burki. Muhyiddeen ya diro, ba hula, farar shaddarsa ta yi ja da ƙura, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya dubi makara a kafaɗar yara, ba komai a kanta sai darduma a naɗe. Ya dubi hannun ƙanensa da laka ta bushe a kai. Mutane suka dare masa hanya. Malam Tasi'u ya kama hannunsa ya kai shi inda sabuwar ƙasa take, ya dawo ya bar shi. Daga nesa Ƙasimu ya ga yayansa ya durƙusa, ya dafa ƙasar da tafuka biyu, kafaɗunsa na girgiza. Ya tsaya ya kalla sosai, bai ɗauke ido ba sai da aka taɓa shi aka ce a tafi.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Al'ada ce 'ya'yan mamaci maza su zauna wuri ɗaya, babba a dama, masu gaisuwa su zo su tsuguna gabansu. Muhyiddeen ya shiga cikin gida ya daɗe wajen Mas'uda. Da ya fito ya wanke fuska, wani ya ara masa hula. Ya zauna kusa da Ƙasimu har gwiwoyinsu na taɓa juna.

Wata tawaga ta zo daga Ɗankaza. "Ya haƙuri? Ya muka ji da rashi? Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta." Su biyun suka amsa tare, "Amin, amin, mun gode." Aka yi fatiha, tawagar ta koma gefe. Kafin wata ta iso, Muhyiddeen ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Yaushe ta cika?"

"Bayan asuba."

"Ka kira ni takwas."

"Haka ne."

"Ka san akwai na bakwai da kwata?"

"Na sani."

"Ka san hanyar za ta cushe."

"Kowace Juma'a a cikinta nake."

Muhyiddeen ya ja numfashi. Wani mai shayi ya zo ya tsuguna, ya yi gaisuwa doguwa, har da tambayar mutanen Legas da ya hanya. Muhyiddeen ya amsa masa duka, ɗaya bayan ɗaya. Sai da mai shayin ya tashi Muhyiddeen ya ci gaba.

"Rahinatu ce?"

"Ashe ka tuna sunanta."

"Ban taɓa mantawa ba. Na yi maka laifi ranar nan, Ƙasimu. Na san na yi, girman kai ya hana ni faɗa. Da ka tare ni ka zage ni, ko ka mare ni a gaban mutane, da na tsaya. Amma ni a ruɗe na yi nawa. Kai zama ka yi ka auna. Kuma ba ni kaɗai ka hana ba. Mas'uda ta faɗa mini abin da Inna ta ce."

Ƙasimu ya dube shi ido cikin ido, karon farko tun isowarsa.

"Yanzu ka san yadda ake ji," ya ce.

"Na sani."

Muhyiddeen ya miƙe. Ya shiga zaure ya ɗauko wata tsohuwar tabarma da ke jingine, ya tsallaka ɗaya gefen ƙofar, ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa a gindin katanga inda inuwa ba ta gama kaiwa ba. Ya zauna shi kaɗai. Hirar da ake yi ƙasa-ƙasa a kan sauran tabarmin ta tsaya. Malam Tasi'u ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Wata tawagar ta karyo kwana, abokan Ƙasimu ne na kara, su shida, sandunansu a hannu. Suka iso ƙofar gidan suka ga tabarma biyu, suka yi cirko-cirko. Babbansu ya raɗa wa na kusa da shi wani abu, sannan suka tuɓe takalma suka nufi wajen Muhyiddeen, tun da shi ne babba. Ƙasimu ya gyara zama, ya kankare sauran lakar da ke ƙarƙashin farcensa, yana jiran su gama su tsallako.